Ku Tambaya Mu Amsa: Wai gem ne ko littafi, kuma yaushe za a fara labarin?

Salamu alaikum jama'ar wannan fili. Tun ranar da bakina ya suɓuce na ce ina buga irin gem ɗin nan na Jafan da ake kira bijuwal nobel saƙonni ke ta shigowa, ashe muna da yawa kowa dai ya yi lamo ne. Ga wanda bai san shi ba, labari ne rubutacce da ake karantawa a kwamfuta ko waya, da zanen mutane a tsaye a sikirin, da kiɗa a ƙasa, wani lokaci da muryoyi, kai kuma aikinka ka danna layi ya wuce wani ya zo, can ba a rasa ba a ba ka zaɓi. Na tsamo tambayoyi huɗu, sauran ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya zahi? Ni ɗalibi ne a Aliero. Abokina ya tura min Steins;Gate a laftof ya ce ba a taɓa yin labari kamarsa ba. Wallahi yau kwana huɗu ina dannawa ba abin da ya hwaru, wani mai farar riga na ta surutun banza da dariyar mugunta, suna saka ayaba cikin na'urar ɗumama abinci tana komawa koriya. Ni ne ban gane ba ko yaudarata anka yi? In ci gaba ko in goge in huta?

AMSA: Lafiya lau ƙanena, zafi kam sai godiya. Na yi dariya da na ga saƙonka don ni ma sai da na goge shi sau ɗaya, ba wasa ba. A watan Afrilu ne nan Birnin Kebbi, an ɗauke wuta, na shimfiɗa tabarma tsakar gida da laftof a cinya tana ƙona ni, batir saura kaɗan, su kuma mutanen nan suna gardama a kan wa ya cinye abin da ke cikin firij da wace tsohuwar kwamfuta za a nemo, na ce kai ni ba zan ƙarar da cajina a kan shirme ba. Sai bayan wata biyu na koma, shi ma don wani ya dame ni ne.

Abin da ke faruwa shi ne kana cikin rabin farko, kuma da gangan anka yi shi haka. Gem ɗin ya fito a 2009, kamfanonin 5pb. da Nitroplus sunka yi shi, labarin kuma a unguwar Akihabara ta Tokyo yake faruwa, inda ake sayar da kayan lantarki. Mai farar rigar nan Okabe, da abokansa sun gano cewa na'urarsu na iya tura saƙon tes zuwa baya, wato jiya ko makon jiya. To duk wannan lokacin da kake ganin ba a komi, saƙonni ake turawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yar buƙatarsa, kai kuma kana hamma. Wajen tsakiyar labari wani abu zai faru a ɗakin nan nasu, ba zan faɗa maka ba, daga nan sai a juya a fara biyan bashin kowane saƙo ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane biya sai an karɓe wa wani mutum abin da ya fi so a duniya. Wanda ya tsallake rabin farko ba zai ji komi ba a rabi na biyu, don bai san abin da ake karɓewa ba.

Ka duba dai a rayuwa. In anka ce maka wani ya rasu a Legas za ka ce Allah ya jiƙansa ka ci gaba da shan shayinka. Amma in anka ce wanda kuke zama benci ɗaya wurin mai shayi kullum bayan isha'i, wanda kullum sai kun yi musu a kan ƙwallo, wanda har haushinsa kake ji don ba ya biyan kuɗin burodi, to ranar ba za ka iya haɗiye shayin ba. Me ya bambanta su? Zaman banzan nan ne da kunka yi tare shekara da shekaru. Marubutan bijuwal nobel wannan zaman suke saye da lokacinka, suna sa ka zauna benci ɗaya da mutanensu na awa 10 ko 15 kana jin shirmensu, har sai sun zama 'yan unguwarku. Fim na awa 2 ba shi da wannan sararin, shi dole ya nuna maka da sauri cewa wance mutuniyar kirki ce don ka ji tausayi in ta mutu. Nan kuwa ba a gaya maka, barinka ake ka saba.

Kuma su Jafanawa sun san abin da suke yi, har suna gare shi, nakige, wato gem na sa kuka. Kamfanin Key ne ya shahara da shi, Kanon a 1999, Air a 2000, Clannad a 2004, duk tsarin ɗaya ne, barkwanci da zuwa makaranta da cin abincin rana tukuna, sai ka saki jiki sannan a soke ka. Clannad ma ya fi awa 50 in za ka bi shi duka. Akwai kuma wani tsohon tsarin zuba labari da sunka gada daga waƙoƙin Sin masu layi huɗu, suna ce masa kishotenketsu, gabatarwa, sai faɗaɗawa, sai juyi, sai ɗaurewa. Lura da kyau, juyin a mataki na uku yake, ba a farko ba. Mu da fina-finan Amurka sunka saba mana da a fasa mota a minti biyar na farko shi ya sa muke ganin kamar an manta da mu.

Wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba, a wannan harkar babban yatsanka ne ke riƙe da linzami. Fim gudu yake ko kana so ko ba ka so, littafi kuma idonka na iya satar kallon ƙasan shafi ka ga abin da ke tafe. Nan layi ɗaya ake ba ka, na gaba ba ya zuwa sai ka danna. Marubuci mai wayo yana wasa da wannan sosai, sai ya yanke kiɗa tsit, sikirin ya yi baƙi, ya ba ka kalma uku kacal ya tsaya. Na taɓa zama kusan minti biyu yatsana a kan maɓalli na kasa dannawa don na san abin da zai biyo baya kuma ba na so in zama ni na jawo shi. Wannan ba a samunsa a talabijin.

Amma kar in yi maka ƙarya, ba duk jan rai ne hikima ba. Da yawansu cika shafi ne kawai, don an daɗe ana tallar waɗannan gem da yawan awoyinsu, sai ka ga an bayyana maka yadda anka dafa abincin safe sau goma sha, ko a maimaita wasa ɗaya har ya gundure ka. Steins;Gate kansa akwai wuraren da in da ni ne edita da na sa almakashi. Yadda nake ganewa shi ne in na kai ƙarshe sai in waiwaya, in wancan zaman banzan ya canza ma'ana, wato abin da na yi wa dariya da farko yanzu in na tuna shi sai ƙirjina ya yi nauyi, to shuka ce anka yi. In kuwa yana nan yadda yake, to ɓata min caji anka yi. Naka irin na farkon ne, wato shuka ce. Ka ba shi har tsakiya, in abin da zai faru ya faru ba ka ji komi ba to ka goge, ba dole, ba kowa ke son fura da tsami ba. Kuma ka riƙa duba wayar Okabe, saƙonnin da ke shigowa da yadda kake amsa su su ne zaɓin gem ɗin, ba za a tsayar da kai a ce zaɓi ɗaya ko biyu ba.

TAMBAYA: Yallaɓai barka da aiki. Daga Kaura Namoda nake. Ni abin da ke ba ni haushi, an ce gem ne kai ke zaɓen yadda labari zai tahi, amma na buga Higurashi babi guda cur ba a tambaye ni komi ba. Wani kuma na zaɓi hanya anka kashe ni anka ce in koma baya. To ina amfanin zaɓin in dama sun riga sun yanke inda za a?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Wanda ya ce maka kai ke tuƙa labari ya ɗan yi maka daɗin baki. Higurashi na asali dama ba a gina shi a kan zaɓi ba, mai shi da ake kira Ryukishi07 ya fitar da shi kashi-kashi daga 2002 zuwa 2006 a kasuwar Comiket ta Tokyo inda masu ƙaramin ƙarfi ke sayar da aikin hannunsu, babi takwas, huɗu na tambaya huɗu na amsa. Ƙauye ɗaya ne, Hinamizawa, wata ɗaya, Yunin 1983, ana ta maimaita shi, yara na wasan kati suna dariya sannan komi ya rikice a yi ɓarna, sai babi na gaba a dawo da kai farko kowa na raye kamar ba a yi ba. Wasan da anka ba ka ba na danna zaɓi ba ne, na cikin kai ne, ka zauna ka yi ta lissafin wa ke ƙarya, me ya sa wannan karon abu kaza ya canza. Kuma ka lura wasan katin da ka yi wa dariya a babi na ɗaya, a babi na biyu da fargaba za ka kalle shi, ga shi dai kusan abu ɗaya ne amma kai ka canza.

Su kuma masu rassa, wato masu ba ka zaɓin hanya, da yawansu ba wai labari goma ne ka ɗauki wanda kake so ba. Labari ɗaya ne anka yanka shi gunduwa-gunduwa anka ɓoye a hanyoyi daban-daban. Ɗauki Fate/stay night na 2004 wanda Kinoko Nasu ya rubuta, hanya uku gare shi, Fate, sai Unlimited Blade Works, sai Heaven's Feel, kuma a kulle suke, ba ka shiga ta biyu sai ka gama ta farko. Yaƙi ɗaya ne na wajen mako biyu, yaro ɗaya, amma hanyar farko ta nuna maka burinsa na ceton kowa, ta biyu ta tuhumi burin, ta uku ta tambaye shi ko zai iya yar da shi saboda mutum ɗaya. In ka fara da ta uku ka ɓata abin. Shi kuma 999 na Kotaro Uchikoshi da ya fito a na'urar gem ta hannu Nintendo DS a 2009 ya ma fi ƙarfin hali, ƙarshensa shida, kuma ba ka isa ƙarshen gaskiya sai ka fara faɗawa wani mummunan ƙarshe ka ɗauko wani sani daga can, kuma labarin da kansa zai yi maka bayanin yadda anka yi ka san abin da bai kamata ka sani ba. Ranar da na gane wannan sai da na tashi na zagaya tsakar gida.

Saboda haka kashe ka da anka yi ba hukunci ba ne, leƙa maka wani ɗaki anka yi. Inda nake tare da kai shi ne wahalar komawa baya, musamman tsofaffin gem da za su sa ka sake bin awa biyu don zaɓi ɗaya. Maganinsa biyu, ka riƙa ajiye wasanka a gurbi daban duk inda anka ba ka zaɓi, sannan ka nemi maɓallin tsallake wanda ke gudu a kan abin da ka riga ka karanta ya tsaya da kansa in ya iso sabon layi. Sababbin fitowa da yawa ma suna zuwa da taswirar rassa ka yi tsalle inda kake so, shi kansa 999 da anka sake fitar da shi a 2017 an sa masa ita.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni marubuciya ce daga Gusau, ina sakin nobel ɗina shafi-shafi a guruf na WhatsApp. Lokacin da anka yanke mana sabis a 2021 ne ƙanena ya ba ni irin wannan gem a kwamfutarsa na rage zaman shiru da shi, tun daga nan abin ke raina. Matsalata masu karatuna kullum cewa suke Anti kina jan labari, in na yi sauri kuma su ce ban ba su haƙƙinsu ba. Mi zan koya daga waɗannan mutane? Kuma za a iya yin irinsa da Hausa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Gaskiya ke kin fi mu duka kusa da wannan sana'a, don abin da kike yi da abin da mai Higurashi ya yi ɗan juma ne da ɗan jummai, shi ma saki yake ya jira ya ji me mutane ke cewa, sai dai shi wata shida yake sa su jira ke kuma kwana ɗaya ma sai an cika miki inbos.

In masu karatu sun ce kina ja, sau da yawa ba tsawon ne ya dame su ba, shafin ne bai bar musu komi a hannu ba. Misali kin kai amarya kicin tana girki shafi uku. In girkin ne kawai to ja ne. Amma in a cikin girkin nan munka ga ta ɗebo gishiri ta tsaya ta mayar da rabi don uwar mijinta na da hawan jini, alhali jiya matar nan ta zage ta tas, to kin gaya mana wace ce ita ba tare da kin ce mai haƙuri ce ba, kuma ranar da tsohuwar ta rasu, in kin sa ta ɗebo gishiri ta mayar da rabi bisa sabo sannan ta tuna babu wanda ake ragewa dominsa, ba sai kin rubuta ta fashe da kuka mai tsuma zuciya ba, masu karatu ne za su yi miki kukan. Wannan ita ce dabarar su Key ɗin nan gaba ɗaya, ƙaramin abu da ake maimaitawa har a saba, sannan a dawo da shi ranar da babu mai shi.

Na biyu ki koyi inda ake yanke numfashi. Mu mun gaji wannan tun daga tatsuniya, kaka ba ta zuba labari kamar famfo, tana tsayawa daidai inda kura ta sa kai a ƙofa sai yara sun ce sai me ya faru. Amma kar kowane shafi ya ƙare da sai ga sallama an turo ƙofa, in kin yi sau biyar an gano ki. Wani shafin ki bar shi ya ƙare shiru. Kuma bayan babban tashin hankali ki ba mutane wurin hutawa, ko a Ace Attorney, gem ɗin lauya na kamfanin Capcom da ya fara fita a 2001, haka suke yi, ranar bincike a hankali ana yawo ana hira, sannan ranar kotu wuta-wuta, sai a sake saukowa. In kullum a sama kike to babu sama kenan.

Batun yi da Hausa kuwa ƙwarai za a iya, ba ma wuya yadda kike zato. Akwai manhaja sunanta Ren'Py, kyauta ce, tun 2004 take, da yaren Python anka gina ta amma ba sai kin iya shi ba kafin ki fara, rubutun kusan kamar na wasan kwaikwayo ne, sunan mai magana sai abin da ya ce, sai ki ce a nuna hoto kaza a sa sauti kaza. Tana fitar da gem na kwamfuta da na Android. Abin da za ki kiyaye shi ne ki zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba akwatuna za su fito miki a madadinsu. Shawarata kar ki fara da littafinki mai shafi ɗari biyu. Ɗauki gajeren labari, mutum uku, wuri biyu, ko hoton waya ne na zaure da tsakar gida ya isa, ki nemi mai zane ɗaya cikin yaran nan da ke zane a waya, ki sa sautin da kowa ya sani, kukan tantabaru, luguden daka daga maƙwabta, ruwan sama a kan kwano. Sauti rabin aikin ne, Jafanawa ma kafin sunan bijuwal nobel ya bazu, kamfanin Chunsoft nobel mai sauti yake kiran nasa, tun Otogiriso na 1992. In kin haɗa ki turo min in zama na farkon dannawa.

TAMBAYA: Malam ni uba ne daga Jega. Na ga yarona ɗan shekara 13 da irin wannan abu a waya, 'yan mata masu manyan idanu ana ta rubutu da Turanci. Ya ce min karatu ne. In bar shi?

AMSA: Baba sannu da ƙoƙari, kuma kun yi daidai da kunka tambaya. Karatu ne kam, Turancinsa ma zai ƙaru, amma kada zanen yara ya ruɗe ku. Wani kaso mai yawa na waɗannan gem musamman na kwamfuta don manya anka yi su, wasu da batsa ƙarara a fitowarsu ta asali sai daga baya a fitar da wanda anka tace, wasu kuma ba batsa amma akwai kisa da firgici. Akwai wani Doki Doki Literature Club na 2017, wani Ba'amurke ya yi shi da salon Jafanawa, kyauta ne shi ya sa yara ke samunsa, a ido kamar labarin kulob ɗin waƙe na makaranta amma tun a buɗewa shi da kansa ya rubuta gargaɗin cewa ba na yara ba ne, kuma da gaske yake. Ku karɓi wayar ku duba sunan gem ɗin, ku sa wani babba ya bincika shekarun da anka ƙayyade masa, a Play Store ana rubutawa a ƙarƙashin suna. Wanda anka turo masa ta Xender ba a san asalinsa ba shi ne abin tsoro. In kuna son wanda hankalinku zai fi kwanciya, Ace Attorney labarin lauya ne mai kare wanda anka yi wa ƙazafi, akwai binciken kisan kai a ciki amma wasan tunani ne da kama maƙaryaci. Ku zauna kusa da shi ya fassara muku shari'a ɗaya, daga nan za ku ji ko karatun yake ko hotuna yake kallo.

Mai tambaya daga Yauri da ke son sanin wanda zai fara da shi gajere, nemi Planetarian na Key, 2004, ba zaɓi ko ɗaya, zama ɗaya ko biyu ka gama. Sauran saƙonni sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.